Yadda Za a Taimaka wa Ɗan Firamare a Karatu da Lissafi, a Gida da Makaranta

A makarantun firamare na Kamaru masu bin tsarin Faransanci, waɗanda mafi yawan yaranmu na Garwa da Marwa da Ngaundere suke zuwa, ajujuwa shida ne, wato SIL da CP da CE1 da CE2 da CM1 da CM2. An kasa su mataki uku, kowane mataki da aji biyu, a ƙarshe kuma yaro ya zauna jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta neman shiga sakandare. Ƙa'idar ma'aikatar ilimin firamare ita ce yaran da ke cikin mataki guda su wuce gaba tare, don haka ba a cika tsayar da yaro tsakanin SIL da CP ko tsakanin CE1 da CE2 ba. Akwai hikima a cikin wannan, domin maimaita aji yakan sanyaya wa yaro gwiwa ya kuma ci kuɗin iyaye, sai dai yana da wani sakamako da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani, wato sunan ajin da yaro yake ciki ba ya nuna abin da ya iya. Binciken PASEC na shekarar 2019, mai auna abin da ɗaliban firamare suka iya, wanda aka gudanar a ƙasashen Afirka 14 har da Kamaru da Cadi, ya nuna cewa idan aka haɗa ƙasashen gaba ɗaya, fiye da rabin ɗaliban ajin ƙarshe na firamare ba su kai matsayin da ake bukata a karatu ba, a lissafi kuma abin ya fi haka muni. Saboda haka mai son taimakon ɗansa sai ya fara gano inda yaron ya tsaya, ya ɗauko shi daga nan, ko da kuwa wurin yana bayan ajinsa da shekara biyu.

Gano inda yaron ya tsaya

Akwai wani gwaji mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya take bi gida-gida da shi tun shekarar 2005, kuma kowa zai iya shirya irinsa. A samu takarda guda a raba ta gida huɗu. A gida na farko a rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerinsu na abacada ba. A na biyu a rubuta gajerun kalmomi goma na Faransanci irin su moto da vélo da midi da tomate. A na uku gajerun jimloli huɗu. A na huɗu kuma ɗan labari mai layi takwas zuwa goma. A fara wa yaron da jimlolin. Idan ya karanta su ba tare da cije-cije ba a haura da shi zuwa labarin, idan ya kasa a sauko zuwa kalmomi, idan nan ma ya kasa a sauko zuwa haruffa. Gida mafi sama da ya karanta cikin natsuwa shi ne matsayinsa na gaskiya. Idan mai gida bai iya Faransanci ba, wani ɗan sakandare na unguwa zai iya rubuta takardar ya kuma saurari yaron a gabansa.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne kada a ɗauko rubutun daga shafin da aka riga aka yi a aji. Inda yara suka yi yawa, littattafai kuma suka yi kaɗan, malami yakan rubuta darasi a babban allo ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har sai sun haddace, yaranmu kuwa da suka saba da hadda tun daga makarantar allo gwanaye ne a wannan fage. Sai yaro ya buɗe shafi ya rera shi tiryan-tiryan, idonsa yana kan hoton da ke sama, yatsansa kuma ya tsaya cak a tsakiyar layin farko. Uban da bai taɓa shiga boko ba ma zai iya kama wannan. Ya rufe hoton da tafin hannu, ya ɗora yatsa a kan wata kalma can ƙasan shafi, ya ce, “Wannan fa, me ta ce?” Yaron da yake karatu zai dubi kalmar ya fara haɗa baƙaƙenta, wanda ya haddace kuwa zai ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi, yana biyo darasin daga farko har ya iso wurin.

Lissafi ma haka ake hawa da sauka da shi. A fara da gane lambobi daga 1 zuwa 9, sai na 10 zuwa 99 a warwatse, a tabbata an sa irin su 72 da 85 da 96 a ciki, sai ɗebewa mai bukatar aro kamar 52 a ɗebe 27, sai kuma rabawa kamar 756 a raba gida 6 ga yaron da ya kai CM1. Kada a kira wannan jarrabawa, kada a yi shi da bulala a gefe, domin yaron da tsoro ya kama yakan kasa faɗin abin da ya sani sarai, sai a auna shi ƙasa da matsayinsa.

Karatu

Ɗan Bahaushe a wannan yanki yakan shiga SIL da Hausar gida, da Fulatancin unguwa da kasuwa, da Larabcin allo, sai ya tarar da Faransanci yana jiransa tun ranar farko. An ɗora masa aiki biyu a lokaci guda, wato ya koyi yadda alamomin da ke kan takarda suke zama sauti, ya kuma koyi harshen da sautin yake ɗauke da shi. Wannan nauyi ne ya sa aka gwada, a ƙarƙashin shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, fara koyar da yara da harshen da suke ji tare da Faransancin, kuma Fulatanci yana cikin harsunan da aka zaɓa a Kamaru. Makarantun da ke wannan gwaji kaɗan ne, don haka gida ne wurin da za a raba wa yaro ayyukan nan biyu, a ba shi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga yaron da ya tsaya a gidan haruffa ko na kalmomi, hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce dai ta makarantar allo, inda ake fara babbaƙu sannan a shiga farfaru, a ɗora wa baƙi wasali ya zama gaɓa. A yanka kwalin sabulu ko na shayi ƙanana-ƙanana, a rubuta baƙi ɗaya a kan kowane yanki, wasula kuma a rubuta su da wani launi dabam. A koya masa sautin harafi kafin sunansa, domin yaron da ya san f da sunan “ef” kaɗai, idan aka haɗa masa shi da a sai ya ce “efa” maimakon “fa”. A fara da haruffan da Hausa da Faransanci suka yi tarayya a sautinsu, wato a da i da o, tare da b da d da l da m da n da t, a bar shi ya gina kalmomin da ya sani da hannunsa: baba, tabo, dami, nama, lada. Da ya gane cewa kwali huɗun da ya jera sun ce “nama”, to ya kama sirrin karatu, abin da ya rage shi ne ya koyi keɓaɓɓun ƙa'idojin Faransanci.

Waɗannan ƙa'idoji su ne wurin da ya kamata a daɗe. Harafin u na Faransanci ba shi ne u na Hausa ba, sautin namu ana rubuta shi da ou ne, don haka a jinkirta shi har sai malami ya kawo shi a aji. Daga nan sai haruffan da ke haɗuwa su ba da sauti guda, irin su oi da au da eau da an da en da on da in da ch da gn, kuma kowannensu ya cancanci yankin kwalinsa, a ɗauke shi tamkar harafi ɗaya. Sai baƙaƙen ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa, kamar t na petit, ko ent na ils parlent. A ɗauki guda ɗaya ko biyu a mako, a bi jerin da littafin makaranta ya bi, a sa yaron ya farauto sautin a jikin gwangwanin tumatir da kwalin magani da allunan shaguna idan an fita tare.

Akwai kuma wahalar da ta keɓanta da mai jin Hausa. Harshenmu bai raba p da f ba, kuma ba shi da v, saboda haka yaro yakan ji pain da faim abu guda, haka poule da foule, haka kuma vache da bâche, kuma abin da kunne bai raba ba hannu ba zai raba shi a shifta ba. Maganinsa shi ne a nuna masa baki. A wajen p leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan su buɗe da ƙarfi, a wajen f kuwa haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali, kuma ana iya jan sautin a tsawaita shi, abin da ba ya yiwuwa da p. A ba shi madubi ya dubi nasa bakin, sannan a juya masa baya a faɗi kalma ɗaya daga cikin biyun, shi kuma ya ɗaga kwalin harafin da ya ji. Yaron da yake zuwa allo da boko tare yakan fara layi daga dama a watannin farko, ko ya juya b ta koma d. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, ɗigo ɗaya da za a sa masa a gefen hagu na kowane layi ya isa ya tuna masa mafari.

Yaron da ya kai gidan jimloli bukatarsa sauri ce da fahimta. Idan yana ɗaukar dogon lokaci a kan kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. A zaɓi gajeren rubutu ya karanta da murya yau, ya sake gobe, ya sake jibi, a rana ta uku kuma ya karanta wa ƙanensa, sannan a canza wani, kada a wuce haka har ya koma hadda. Bayan kowane karatu a rufe littafin a tambaye shi da Hausa: wane ne a cikin labarin, ina ya tafi, me ya sa ya yi abin da ya yi? Ya amsa da Hausa, ba laifi, domin abin da ake aunawa a nan fahimta ce. A nan ne uwar da ba ta jin Faransanci take da babban matsayi, don ita ce za ta ce, “Ban gane ba, sake gaya mini, wa ya ɗauki akuyar?” ta tilasta masa komawa cikin rubutun ya nemo amsa. Tatsuniyar dare ma aiki ɗaya take yi idan mai bayarwa ta tsaya a tsakiya ta tambayi yara abin da suke tsammanin Gizo zai yi, da dalilinsu, ko ta sa ɗaya ya maimaita labarin daga farko bisa tsari. Yaron da ya iya bin zaren labari da Hausa zai bi shi da Faransanci da zarar kalmomin sun samu.

Game da littafi, tun shekarar 2017 gwamnati ta tsayar da littafi guda ga kowane darasi a kowane aji, wanda zai yi shekaru ana amfani da shi, don haka littafin wa yakan yi wa ƙane amfani idan an naɗe bangonsa an adana shi. Idan kuɗi bai kai a sayi duka ba, a ganina na karatun Faransanci ne farko, na lissafi ya biyo baya. Rubutu kuma a haɗa shi da hidimar gida: yaro ya rubuta jerin cefane, ko sunayen mutanen gida, ko a yi masa shiftar kalmomi biyar a ɗan allonsa na hannu ya goge ya gyara nan take.

Lissafi

Yarinyar da ke kai tallar ƙosai tana iya ba da canjin faran 500 ba tare da kuskure ba, amma a ba ta 500 a ɗebe 350 a rubuce sai ta rikice. Tana da lissafi a ka, abin da ya ɓace mata shi ne alaƙar abin da take yi a kasuwa da abin da ake rubutawa a aji. Don haka ƙa'idar ita ce kowane sabon abu ya bi hawa uku: a yi shi da abin da hannu ke taɓawa, a zana shi, sannan a rubuta shi da lambobi.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani shi ne tsinken tsintsiya, a kakkarya su daidai tsawon yatsa, a ɗaure su goma-goma da zare, a bar wasu a warwatse. Da su ake gane cewa 5 da ke cikin 52 ɗauri biyar ne, ba tsinke biyar ba, kuma yawancin kurakuran CE1 da CE2 daga rashin gane wannan suke tasowa. Yaron da aka ba 52 a ɗebe 27 ya rubuta 35 ba ganganci ya yi ba, ya ga 7 ta fi 2 ne sai ya juya su ya ɗebe ƙarami daga babba. A maimakon faɗa, uwa ta zube masa ɗauri biyar da tsinke biyu a kan tabarma ta ce, “Ba ni ashirin da bakwai.” Zai miƙa ɗauri biyu da sauri, sannan ya tsaya yana kallon tsinke biyun nan.

“Inna, bakwai ba za su fita ba, biyu ne kawai.”

“To, ya za ka yi? Ni dai bakwai nake jira.”

A nan sai ta yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo, har sai hannunsa ya kai ga ɗauri guda ya kwance zaren da kansa. Tsinke sun zama goma sha biyu, ya ba da bakwai, saura biyar da ɗauri biyu, wato 25. Sai a sake yin lissafin a rubuce, tsinkayen suna gabansa, a nuna masa cewa ɗan ƙaramin 1 da malami yake sawa a gefen lamba shi ne ɗaurin da ya kwance. Malamai sun bambanta a wurin da suke rubuta wannan aro, wasu su soke lambar sama su rage ta, wasu su ƙara ɗaya a lambar ƙasa, don haka a duba littafin rubutun yaron a bi hanyar malaminsa.

Lambobin Faransanci daga 70 zuwa 99 tarko ne na musamman, domin 72 ana kiranta soixante-douze, wato sittin da sha biyu, 80 kuma quatre-vingts, wato ashirin huɗu. Yaro ya ji soixante ya rubuta 6, ya ji douze ya ƙara 12, sai 612 ta fito, wani ma a ce masa quatre-vingt-seize ya rubuta 42016. A fara faɗa masa lambar da Hausa, saba'in da biyu, ya rubuta 72, ya jera ɗauri bakwai da tsinke biyu. Sannan a ja ɗauri shida gefe a ce ga soixante, a nuna ɗauri guda da tsinke biyun da suka rage a ce ga douze. Tamanin kuma a jera ɗauri takwas bibbiyu, kashi huɗu, ya ga ashirin huɗun da idonsa. Mako guda na wannan yakan warware abin da ya daɗe yana cin makin yaro.

Harsunan da yaro ya zo da su ma suna ɗauke da dabarun lissafin ka. Bahaushe yakan ce ashirin ba biyu, ko talatin ba ɗaya, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta tara 29 a kan wata lamba: a tara talatin a cire ɗaya. Fulatanci kuwa yana gina shida zuwa tara a kan biyar, joweego biyar da ɗaya, joweeɗiɗi biyar da biyu, haka har tara, don haka yaron da ke jin sa zai ga 7 da 8 a matsayin biyar sau biyu, da biyu, da uku, ya sami 15 ba tare da ƙirga yatsu ba. Canjin kasuwa ma haka ne, daga 350 a cika 400, daga 400 a cika 500, canji ya zama 150. A bar yarinyar ta faɗi yadda ta yi, sannan a taya ta rubuta matakan nata da lambobi.

Jadawalin ninkawa dole ne a haddace shi, amma bayan an gane shi. Kwalin ƙwai mai gurbi 30 layi biyar ne na shida-shida, idan aka juya shi ya koma layi shida na biyar-biyar, ƙwai kuma bai ƙaru ba bai ragu ba, daga nan yaro zai yarda cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne. A fara da gidan 2 da na 10 da na 5. Idan aka cire waɗannan da gidan 1, aka kuma daina ƙirga kowane lissafi sau biyu, abin da ya rage a cikin ɗari ɗin nan guda 21 ne kacal, kuma faɗa wa yaro haka yakan sauƙaƙa masa fargaba. A riƙa tambayarsa a warwatse, a kan hanyar masallaci ko ana jiran tuwo, domin wanda sai ya rero daga 7 sau 1 kafin ya kai 7 sau 8 zai sha wuya a rabawa.

Gidajen da ke da ’yan uwa a tsallaken iyaka su lura da wani abu. Wa ko kawun da ya yi karatu a Mubi ko Yola ko Maiduguri ya koyi rabawa da wani tsarin rubutu dabam, alhali a tsarin Faransanci lambar da ake rabawa tana hagu, mai rabawa tana dama a bayan layi, amsa kuma a ƙarƙashinta. Waƙafi ma aikinsa ya bambanta, domin 1,500 a Nijeriya dubu ɗaya da ɗari biyar ce, a ajin yaronmu kuwa ɗaya da rabi ce, dubu da ɗari biyar ana rubuta ta 1 500 da ɗan fili a tsakani. Mai taimako ya bi tsarin makarantar yaron, ya ajiye nasa.

Lissafin da ake bayarwa cikin labari shi ne ya fi kayar da ’yan CM1 da CM2, kuma sau da yawa matsalar ta harshe ce. Kafin ya taɓa alƙalami, yaro ya faɗi labarin da Hausa, ya faɗi abin da aka sani da abin da ake nema, ya zana shi. Ban goyi bayan dabarar nan ta cewa duk inda aka ga kalmar plus, wato ƙari, a tara, duk inda aka ga reste, wato saura, a ɗebe ba. Idan aka ce Ali yana da mangwaro 12, kuma yana da 5 de plus que Musa, wato ya fi Musa da 5, aka tambayi na Musa, amsar 7 ce, ta hanyar ɗebewa, mai farautar kalma kuwa 17 zai rubuta.

Lokaci da lafiya

Minti ashirin kullum, rabi karatu rabi lissafi, ya fi awa uku a ranar Lahadi. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa a gidaje da yawa, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa da Marwa yake wuce digiri 40, a kuma daidaita da malamin allo don kada lokutan su ci karo. Yammacin Laraba, da ake tashi da wuri, ya dace da abin da ke bukatar zama, irin tsinkaye da kwalaye. Dogon hutun damina shi ne lokacin cike giɓi ga yaron da aka samu a baya. Komawa makaranta a watan Satumba yakan zo daidai da ƙarfin zazzaɓin cizon sauro, a karkarar Marwa kuma da dashen masakwa, alhali a makonnin nan ne ake aza harsashin haruffa a SIL da CP, don haka duk yaron da ya yi fashi a nemi abin da ya wuce shi a biya masa. A kuma raba aikin gida yadda ’ya mace za ta sami nata minti ashirin ɗin kamar ɗan'uwanta.

Tsakanin gida da makaranta

Kada a jira ranar karɓar sakamako kafin a san malami. A je bayan an tashi, a gaisa, a yi tambayar da ke da amsa: “Malam, wane sauti kuka kai wannan makon?” ko “Malam, a ina yake zama, yana hango allo?” A nuna masa takardar gwajin da aka yi a gida. Malamin da yake fama da yara masu yawan gaske a aji guda ba zai san matsayin kowa ba, kuma yawanci yakan yi maraba da uban da ya zo da bayani maimakon ƙorafi.

Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, yana nan, kuma da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka a makarantu da yawa na arewa. Wanda yake biya yana da bakin magana a taro. Shawarar da ta fi cancanta a kawo ita ce a ware awa guda a wasu ranaku a kasa yaran CE1 zuwa CM1 bisa matsayinsu na karatu, masu haruffa wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu labari wuri guda, ba tare da duba aji ba. Wannan tsari na Pratham ne, kuma yana cikin abubuwan da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suka auna a Indiya suka ga yana ɗaga karatun yaran da aka bari a baya. A cikin aji kuwa, tsohuwar dabarar allon hannu, inda malami zai yi tambaya kowa ya rubuta, ya buga tebur kowa ya ɗaga allonsa, tana nuna masa cikin ɗan lokaci wanda ya gane da wanda ke fakewa a cikin amshi, don haka kada allo da alli su yanke wa yaro. Idan za a ɗauki mai koyarwa na gida, a gaya masa matsayin yaron, a kuma hana shi yi masa aikin gida da hannunsa. Wanda ɗansa ba shi da takardar haihuwa kuma ya fara nemanta tun yaron yana CE, domin ana bukatarta wajen rajistar CEP, kuma samunta bayan wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu.

Bayan mako shida a sake gwajin da sabuwar takarda mai kalmomi da lambobi dabam. Idan yaron ya haura gida ɗaya, a matsa da aikin zuwa gida na gaba. Idan bai motsa ba alhali ana zama da shi kullum, a duba ko yana matse ido idan yana kallon nesa, ko yana kai littafi dab da fuska, ko yana juyo da kunne ɗaya idan ana magana, ko kunnen yana zubar da ruwa, a kai shi asibiti a auna ganinsa da jinsa, sannan a koma wurin malami da sakamakon a roƙi a dawo da shi layin gaba.